Yafe Haraji ko Mayar da Kuɗi? Matsayin Gidaje Marasa Ƙarfi na Birnin Kudu da Gwaram a Sabon Tsarin Harajin Nijeriya

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin yadda sassaucin haraji ke kaiwa, ko yake gaza kaiwa, ga gidaje marasa ƙarfi a ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram na kudancin Jihar Jigawa. Dokar Haraji ta Nijeriya ta 2025 ta ɗauke harajin kuɗin shiga daga kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Sai dai galibin manoma da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i na wannan yanki dama can ba sa cikin masu biyan wannan haraji. Nasu harajin yana ɓoye ne a cikin farashin kaya da kuɗin kasuwa. An bi hanyar bitar dokoki da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da kwatanta tsare-tsaren Kanada da Kolombiya da Birazil da shirye-shiryen tallafin kuɗi da aka gudanar a Jigawa. Takardar ta gano cewa yafiya ba ta ƙara wa wanda ba a binsa komai ko sisi, kuma tallafin da ake rabawa a yanzu ba shi da tabbas. Ta ba da shawarar a kafa dokar mayar wa gidaje marasa ƙarfi wani kaso na harajin sayen kaya, daga tarayya da jiha, a matsayin haƙƙi mai ƙa'ida da lokaci.

1.0 Gabatarwa

Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu kan dokoki huɗu na gyaran haraji, waɗanda suka samo asali daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta, aka kuma tsayar da 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon tsarin. An yi ta muhawara a Arewa, amma yawancinta ta tsaya ne kan rabon harajin sayen kaya, wanda aka fi sani da VAT, tsakanin jihohi: wace jiha za ta ƙaru, wace za ta ragu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta gidan manomi a Kantoga ta Birnin Kudu ko Basirka ta Gwaram: shi me zai shiga hannunsa?

Wannan tambaya ce takardar ta sa a gaba. Matsayarta ita ce, a yankin da mafi yawan jama'a ba su da albashi, adalcin haraji ba ya cika da yafiya kaɗai. Sai an haɗa da hanyar da za a mayar wa talaka wani abu daga harajin da yake biya a fakaice, kuma mayarwar ta zama doka, ba alfarmar wani mai mulki ba.

2.0 Hanyoyi Uku na Sassauta Haraji

Masana harkar kuɗin gwamnati sun bambanta hanyoyi uku. Ta farko ita ce ragi: a cire wani adadi daga kuɗin shigar mutum kafin a yanka masa haraji. Ta biyu rangwame ne da ake cirewa daga harajin da aka riga aka yanka, amma iyakarsa ya kai harajin ga sifili. Ta uku ita ce rangwame mai mayarwa, inda duk abin da ya saura bayan an share harajin ake miƙa wa mutum shi a hannu.

Misali na lissafi zai fito da bambancin. A ce rangwamen naira 30,000 ne. Wanda ake bi naira 100,000 zai biya 70,000 a tsari na biyu da na uku baki ɗaya. Wanda ake bi 10,000 zai tashi ba ya biyan komai a tsari na biyu, sauran 20,000 kuwa sun tafi ke nan. A tsari na uku sai a ba shi su. Wanda ba a bin sa komai saboda ƙarancin samunsa ba ya amfana da tsari na farko ko na biyu, amma a na uku zai karɓi 30,000 cif. Ke nan hanyoyi biyun farko suna ƙara amfani ne gwargwadon ƙaruwar samun mutum, ta ukun ce kaɗai ke gangarowa har zuwa ga mafi rauni.

Tunanin ba sabo ba ne. Masanin tattalin arzikin Amurka Milton Friedman ya kawo shawarar irinsa a 1962, kuma a 1975 Amurka ta kafa rangwame mai mayarwa domin ma'aikata masu ƙaramin samu, wanda har yau yana cikin manyan hanyoyinta na rage talauci.

3.0 Birnin Kudu da Gwaram: Jama'a, Sana'a da Tarihin Haraji

A ƙidayar 2006 Birnin Kudu na da mutum sama da 300,000, Gwaram kuma kimanin 270,000, abin da ya sa suke sahun gaba a yawan jama'a cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa. Dukkansu suna ƙarƙashin Masarautar Dutse, kuma sun yi iyaka da Jihar Bauchi. Noman gero da dawa da gyaɗa da riɗi da wake, kiwo, da cinikin kasuwannin mako irin ta Sara su ne ginshiƙin rayuwa. Masu albashi, waɗanda ake cire wa haraji tun daga tushe, tsiraru ne: malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma da na jiha, da na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 zuwa 2019 ya ja layin talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara. A kan wannan ma'auni kashi 40.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya ne matalauta, amma a Jigawa adadin ya kai kashi 87. Rahoton hukumar na 2022, wanda ya auna talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi, ya sake nuna sama da kashi 80 na mutanen jihar cikin rashi. A irin wannan wuri marasa ƙarfi su ne jama'ar, ba wani ɓangare nata ba.

Talakan wannan yanki ya daɗe da sanin haraji. Kafin zuwan Turawa ya biya kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi ga masarautar Kano. Dokar kuɗin shiga ta Gwamna Lugga ta 1906 ta tattara waɗannan harajoji wuri guda, aka mayar da biyansu da tsabar kuɗi, ta hannun mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa baitulmali. Lokacin karɓa shi ne kaka, sa'ad da hatsi ya fi araha, don haka magidanci kan rabu da amfanin gonarsa a wulaƙance ko ya tafi cin rani domin ya haɗa kuɗin. Adawa da wannan nauyi na cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU farin jini daga 1950, kuma a 1979 gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991.

Wannan tarihi ya bar abubuwa biyu. Na farko, akwai fahimtar da ta yaɗu cewa tun 1979 talakan ƙauye ba ya biyan haraji, alhali abin da aka soke na kai tsaye ne kawai. Na biyu, rubuta sunan mutum da ƙirga dabbobinsa ya zama abin tsoro, domin a da can duk wanda aka rubuta, biya ne ke biye. Duk tsarin da za a kawo dole ya yi la'akari da wannan ɗari-ɗari.

4.0 Abin da Dokar 2025 Ta Bayar da Wanda Ya Kai Gare Shi

Dokar ta zo da sauƙi na gaske. Naira 800,000 na farko ba su da haraji, sannan a yanka kashi 15 a kan naira miliyan 2.2 da suka biyo baya, a riƙa hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar naira 70,000 a wata a Yulin 2024, an ɗauke masa harajin. An kuma sanya kayan abinci na yau da kullum da magunguna da kayan karatu a sahun da VAT ɗinsu sifili ne. Ƙaramin ma'aikaci a Birnin Kudu ya amfana, kuma ya cancanci hakan.

Amma a dubi ragin kuɗin haya da dokar ta kawo: kashi 20 na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Babban ma'aikacin da ke matakin kashi 25 kuma yake biyan hayar miliyan 2.5 zai tsira da naira 125,000. Malamin makarantar da ke matakin kashi 15 mai biyan hayar 150,000 zai tsira da 4,500. Manomin Kila ta Gwaram da ke zaune a gidan gado, wanda samunsa bai kai 800,000 ba, bai samu komai ba. Yafe masa harajin kuɗin shiga tamkar yafe wa mai tafiya a ƙasa kuɗin mota ne.

To shi wane haraji yake biya? Na farko VAT, wanda ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Gaskiya ne mai tireda a ƙauye ba ya yanka rasit, amma kamfanin da ya yi sabulu da atamfa da kwanon rufi da siminti da kayan gyaran babur ya riga ya ɗora harajin, ɗan sari ya ɗora wa ɗan kiri, shi kuma ya ɗora wa mai saye. Haka katin waya da data. Gidan da ke kashe naira 20,000 a wata kan irin waɗannan kaya yana biyan kimanin naira 1,400 a matsayin VAT, wato kusan 16,700 a shekara. Na biyu kuɗin fito na kwastan da ke cikin farashin duk kayan da aka shigo da su. Na uku kuɗaɗen da dokar 1998 ta ba ƙananan hukumomi ikon karɓa: na kasuwa, na tasha, na mahauta, na rumfa, na keke da amalanke, da na shanu. Galibinsu adadi ɗaya ne a kan kowa, don haka sun fi nauyi a kan mai ƙaramin jari.

Akwai kuma na huɗu, wanda ba a kiran sa haraji amma aikinsa ɗaya. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024, ta kaya gaba ɗaya kuma ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar. A daidai wannan lokaci kason da matakan gwamnati uku ke rabawa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Kuɗin da ya fita daga aljihun mai injin ban-ruwa da ɗan acaɓa da mai kai hatsi niƙa ya koma baitulmalin gwamnati. Hujjar mayar da wani abu daga ciki ba ta buƙatar dogon bayani.

5.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

5.1 Kanada: Tarayya da Larduna

Kanada ta dace da kwatance domin ita ma tarayya ce. Da ta kawo harajin sayen kaya na tarayya a 1991 a kan kashi 7, sai ta haɗa shi da rangwame mai mayarwa ga gidaje masu ƙaramin samu, ana biya sau huɗu a shekara: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Adadin ya danganta da samun gida da yawan 'ya'ya, yana raguwa sannu a hankali yayin da samu ke ƙaruwa, kuma ana daidaita shi da hauhawar farashi kowace shekara. A 2016 aka ƙara da tallafin yara, a 2019 kuma aka faɗaɗa rangwamen ma'aikata masu ƙaramin albashi.

Larduna sun ɗora nasu a kai. Kubek ta kafa rangwamenta na haɗin kai a 2011, Ontariyo kuma ta haɗe rangwame uku, na harajin saye da na makamashi da gidaje da na mazauna arewacin lardin, ta mayar da su biya ɗaya a 2012. In ban da Kubek mai hukumar harajinta, hukumar tarayya ce ke biyan yawancin na larduna a madadinsu, daga takardar haraji guda da mutum ya cike.

A nan kuma raunin tsarin yake. Sai mutum ya cike takardar haraji, ko da bai samu ko kwabo ba a shekarar. Jennifer Robson da Saul Schwartz na Jami'ar Carleton sun kiyasta a nazarinsu na 2020 cewa kashi 10 zuwa 12 na 'yan Kanada ba sa cikewa, kuma waɗanda ke cikin shekarun aiki daga cikinsu sun yi asarar kimanin dalar Kanada biliyan 1.7 a 2015. Idan haka ta faru a ƙasar da kusan kowa ya yi karatu kuma yana da asusun banki, kwafo wannan hanya kai tsaye zuwa Gwaram zai bar mafi yawan mabuƙata a waje.

5.2 Kolombiya da Birazil: Mayarwa Ba Tare da Takardar Haraji Ba

Ƙasashen Kudancin Amurka, masu yawan sana'o'in da ba su da rajista kamar namu, sun bi wata hanyar. A 2020 Kolombiya ta fara mayar da harajin sayen kaya ga gidaje miliyan 1 mafi talauci, feso 75,000 duk wata biyu, tana zaɓo su daga kundinta na marasa ƙarfi. A Birazil jiha ce ta fara: Rio Grande do Sul ta soma a ƙarshen 2021, tana mayar wa gidajen da ke kundin tallafi na ƙasa aƙalla riyal ɗin Birazil 100 duk wata uku ta hanyar kati. Daga baya gyaran kundin tsarin mulki na Disambar 2023 da dokar da ta biyo bayansa a Janairun 2025 suka sanya mayarwar cikin tsarin harajin ƙasar baki ɗaya. Abin lura biyu ne: kundin marasa ƙarfi na iya maye gurbin takardar haraji, kuma jiha ba ta buƙatar jiran tarayya kafin ta fara.

6.0 Abin da Aka Riga Aka Gwada a Jigawa

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 2007 gwamnatin Sule Lamido, ɗan Bamaina ta Birnin Kudu, ta kafa dokar biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata. Kasancewarsa doka ya sa shirin ya rayu bayan gwamnatin da ta kafa shi. Amma yana da rauni biyu. An ƙayyade adadin masu amfana daidai wa daida ga kowace ƙaramar hukuma, abin da ke tauye masu yawan jama'a irin Birnin Kudu da Gwaram. Sannan ba a ɗaure kuɗin da farashin kaya ba: naira 7,000 ta zarce mafi ƙarancin albashin jihohi na wancan lokaci, wato 5,500, amma kashi ɗaya ce cikin goma na 70,000.

Shiri na biyu shi ne na tallafin rainon yara da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2013 zuwa 2019 a Buji da Gagarawa da Kirikasamma, da kuma Anka da Tsafe a Zamfara. An riƙa ba mace naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun daga goyon ciki har yaro ya cika shekara 2, haɗe da faɗakarwa kan shayarwa da abinci. Nazarin da Pedro Carneiro da abokan aikinsa suka buga a 2021 ya gano raguwar tsumburewar yara da kashi 8 cikin 100, ya kuma gano cewa matan sun ƙara shiga sana'a sun sayi dabbobin kiwo. Masu nazarin sun danganta wannan da tabbacin da matan ke da shi cewa kuɗin zai zo kowane wata. Buji maƙwabciyar Birnin Kudu ce, har mazaɓarsu ta Majalisar Wakilai ɗaya, don haka wannan shaida daga cikin gida ta fito.

Na uku shirin tarayya ne da aka fara a 2016, mai biyan naira 5,000 a wata ga gidajen da ke kundin marasa ƙarfi na ƙasa, da rancen Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. A Oktoban 2023 aka sanar da naira 25,000 a wata na tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, aka dakatar a Janairun 2024 saboda binciken zargin almundahana, daga baya aka ci gaba bayan gindaya sharaɗin lambar NIN. Gida ba zai iya tsara noma ko karatun yara a kan kuɗin da bai san ranar zuwansu ba.

Akwai kuma zakka. Kwamitin zakka na Masarautar Dutse, wanda ya bunƙasa a zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, yana tara hatsi da dabbobi da kuɗi ta hannun hakimai da dagatai ya raba wa mabuƙatan gundumar da aka tara. Zakka ibada ce, ba haraji ba, kuma ba a neman a gauraya su. Abin koyi a cikinta shi ne jama'a sun saba da tsarin da mai karɓa ke karɓar haƙƙinsa a bainar jama'a ba tare da roƙo ba.

7.0 Tsarin da Takardar Ke Ba da Shawara

Na ɗaya, Majalisar Dokokin Jigawa ta kafa dokar mayar da harajin saye ga gidaje marasa ƙarfi, mai fayyace sharuɗɗan cancanta. Duk gidan da ya cika su ya samu, ba tare da ƙayyade gurbi ga mazaɓa ko ƙaramar hukuma ba.

Na biyu, a gina shi hawa biyu. Sabon rabon VAT ya ba tarayya kashi 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35, a maimakon 15 da 50 da 35 na da. Jiha ta fara daga ƙarin da ta samu, tarayya ta ɗora nata, kuɗin ya isa gida a biya ɗaya mai nuna kason kowace gwamnati.

Na uku, kundin marasa ƙarfi haɗe da lambar NIN ya zama tushe, amma a bar ƙofar rajista a buɗe duk shekara a kowace mazaɓa, a karanta sunaye a ƙofar gidan dagaci, a kuma tanadi wurin kai ƙara da ba ya hannun 'yan siyasa. Ma'aikatan rajistar NIN su bi ƙauyuka da rugage, kada rashin lamba ya zama dalilin hana mai haƙƙi.

Na huɗu, a auna gida yadda yake a ƙasar Hausa. A gidan gandu ko na mai mata fiye da ɗaya, kowace uwa da 'ya'yanta su zama rukuni guda, kuɗin ya shiga hannunta kamar yadda aka yi a Buji, a kuma yi wa tsofaffi da zawarawa tanadi na daban.

Na biyar, a biya sau huɗu a shekara a ranakun da doka ta ambata, a fifita kason da zai faɗo tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ake neman taki, magidanci ke cin bashin da zai biya da hatsi a kaka. A kuma sake lissafa adadin kowace shekara bisa hauhawar farashi.

Na shida, gwamnati ta ɗauki nauyin cajin masu POS, domin binciken 2023 kan amfani da hanyoyin hada-hadar kuɗi ya nuna kusan rabin baligan Arewa maso Yamma ba su cikin tsarin.

Na bakwai, doka ta haramta amfani da wannan kundi wajen yanka wa waɗanda ke cikinsa haraji. Ba tare da wannan alƙawari ba, tsoron da tarihi ya bari zai hana mutane fitowa.

8.0 Hujjojin Masu Suka

Za a ce babu kuɗi. A ɗauka an fara da gidaje 20,000 a ƙananan hukumomin biyu, kowane ya samu naira 24,000 a shekara: jimla naira miliyan 480 ke nan. Kasafin Jigawa na 2025 ya kai kimanin naira biliyan 698, don haka wannan bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Ko an ninka shi sau goma bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Za a ce kuɗin zai sa lalaci. Shaidar Buji ta nuna akasin haka.

Za a ce gara a zuba kuɗin a asibiti da makaranta. Buƙatar waɗannan ba ta da musu, amma matar da ba ta da kuɗin babur daga Kwangwara zuwa Birnin Kudu ba za ta isa asibitin da aka gina ba.

Za a ce za a cusa sunayen bogi. Wannan barazana ce ta gaske, kuma ita ce dalilin karanta sunaye a fili, da wallafa jimlar abin da aka biya a kowace mazaɓa, da damƙa tantance shirin ga masu bincike na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa.

Za a kuma ce naira 24,000 ba za ta fitar da gida daga talauci ba. Haka ne, ba a kuma ce za ta yi ba. Manufarta ita ce kada tsarin haraji ya ƙara tura matalauci ƙasa, kuma a shimfiɗa hanyar da za a iya bi a kai ɗauki cikin sauri idan ambaliya ko fari ya auku.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa gyaran harajin 2025 ya sauƙaƙa wa mai albashi, amma bai isa ga mafi yawan mutanen Birnin Kudu da Gwaram ba, domin harajinsu yana cikin farashin kaya ne da kuɗin kasuwa. Kanada ta nuna yadda tarayya da larduna ke haɗa hannu su mayar, Kolombiya da Birazil sun nuna ana iya yi da kundin marasa ƙarfi, dokar 2007 da shirin Buji kuma sun nuna cewa a Jigawa abin da aka kafa da doka yana dorewa, kuɗin da ke zuwa a kan lokaci kuma yana aiki.

Amfanin tsarin ya wuce na aljihu. Magidancin da saƙo ya shigo wayarsa cewa an mayar masa da kaso kaza na harajin da ya biya ya san shi mai biyan haraji ne, kuma wanda ya san haka zai tambayi kansila da ciyaman da ɗan majalisa inda sauran kuɗin suka tafi. Ana kira ga Majalisar Dokokin Jigawa da Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta jihar su tsara daftarin wannan doka, su gwada ta a Birnin Kudu da Gwaram na tsawon shekara 2, su kuma bayyana sakamakon ga jama'a kafin a faɗaɗa ta zuwa sauran ƙananan hukumomi 25.